Me ya sa inshora ke dawo mana da takardun FFR-CT ba biya?

"Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma ban daɗe da samun aiki a ofishin wasu likitocin zuciya ba, a sashen neman kuɗi daga inshora. Akwai gwajin da ake kira FFR-CT, shi ne ya hana ni barci. Matar da na gaji kujerarta ta bar mini takarda mai lambobi 0503T da 0504T, likita kuma ya ce 75580 ake sawa. Na bi maganar likita, aka biya wasu, wasu suka dawo da lambar ƙin biya CO-50, wasu da CO-197. Likitocinmu suna ɗaukar hoton wasu majinyata a ofishinmu, wasu kuma a wani asibiti na kusa ake ɗauka, su dai su karanta. Wace lamba ce daidai, kuma ina nake kuskure? Ina tsoron a ce ban iya aiki ba."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki. Abin da kika lissafa matsala uku ce ta haɗu miki wuri guda, kuma guda ɗaya ce kawai ta shafi lamba. Likitanku ya faɗi gaskiya, 75580 ita ce lambar. Sauran biyun, wato wanda ya yi wane ɓangare na aikin, da abin da aka rubuta a rahoto kafin a tura hoton, su ne ke cin kuɗin ofisoshi da yawa. A iya shekarun da na yi ina wannan sana'a a sashen zuciya, takardar FFR-CT da aka ƙi biya galibi tun a ɗakin karanta hoto ta lalace, kafin ta iso teburin mai sa lamba. Don haka zan fara da gwajin kansa, domin wanda bai san abin da ake aunawa ba, ba zai gane abin da kamfanin inshora ke nema a rahoto ba.

Abin da gwajin yake aunawa

Zuciya tana da jijiyoyin da ke kai mata nata jinin. Idan kitse da sinadarin kalsiyam suka taru a bangon jijiya, hanyar jinin takan tsuke. Ana iya ganin wannan tsukewar da hoton CT na jijiyoyin zuciya, wanda ake ɗauka bayan an zuba wa majinyaci ruwan da ke haska jijiya ta hannunsa. Lambar wannan hoton ita ce 75574. Sai dai hoton yana nuna siffa ne kawai. Kamar tiyon ban ruwa ne da ya ɗan lanƙwashe a tsakiya: ido zai ga lanƙwasar, amma ba zai faɗa miki ko ruwan da ke fita a baki ya isa shukar ba. Jijiya na iya tsukewa da kashi 60 cikin ɗari jini ya ci gaba da wadatar da tsoka, wata kuma ta tsuke daidai haka tsokar ta shiga yunwa.

Tsohuwar hanyar sanin haka ita ce a shigar da siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har zuciya, a tura wata waya mai auna matsin jini ta wuce wurin da ya tsuke, a ba da maganin da ke buɗe jijiyoyi, sannan a kwatanta matsin da ke bayan tsukewar da wanda ke gabanta. Sakamakon shi ake kira FFR. Jijiya lafiyayya tana kusa da 1.0, kuma 0.80 ko ƙasa da haka alama ce cewa tsukewar tana tauye jini. Wannan awon na cikin jiki lambarsa daban, 93571, da 93572 idan an ƙara wata jijiyar. Ki riƙe su a gefe, ba su da alaƙa da takardunki, amma na sha ganin sababbin ma'aikata sun ɗauko su don kawai sun ga haruffan FFR a rahoto.

FFR-CT kuwa ba a taɓa majinyaci ko kaɗan. Hoton CT ɗin da aka riga aka ɗauka ne ake turawa ta intanet zuwa kamfanin da ke da manhajar, a gina siffar jijiyoyin mutumin a kwamfuta, a lissafa yadda jini zai gudana a cikinsu, a dawo wa likita da hoto mai launuka da lambobi a kan kowace jijiya. Kamfanin HeartFlow na jihar Kalifoniya shi ya fara samun amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a kan wannan, a watan Nuwamba 2014. A binciken PLATFORM da aka wallafa a 2015, kashi 61 cikin ɗari na majinyatan da aka shirya saka wa bututu an fasa saka musu bayan likitocinsu sun ga sakamakon. A 2017 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar amfani da shi, sannan a 2021 ƙa'idojin ciwon ƙirji na ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka, AHA da ACC, suka ce yana da amfani idan hoton CT ya nuna tsukewa tsakanin kashi 40 zuwa 90 a farkon jijiya ko tsakiyarta. Ki haddace waɗannan lambobi biyu, 40 da 90. Kusan duk wata takarda mai CO-50 da ke gabanki a kansu ta faɗi.

Tsofaffin lambobi da sabuwa

Takardar da kika gada ba ƙarya ta yi ba, zamaninta ne ya wuce. Daga 1 ga Janairu 2018, littafin lambobin ayyukan likita, CPT, na ƙungiyar likitocin Amurka, AMA, ya ba wannan aiki lambobi huɗu na wucin gadi, irin masu ƙarewa da harafin T da ake ba sabuwar fasaha. 0501T ta ƙunshi aikin gaba ɗaya, 0502T ta shirya bayanai da turawa ce, 0503T ta lissafin da manhaja ke yi, 0504T kuma ta karatun likita da rahotonsa. An soke dukansu a ƙarshen 2023. Daga 1 ga Janairu 2024 lamba ɗaya ta dindindin ta maye gurbinsu, 75580, kuma bayaninta ya haɗa lissafin manhajar da fassarar likita da rubutaccen rahoto. Duk aikin da aka yi daga wannan rana, idan kika sa masa tsohuwar lamba, na'ura ce za ta watso shi waje tun kafin wani mutum ya duba. Ki cire takardar nan daga bango, ki kuma roƙi mai kula da manhajar ofishinku ya goge lambobin daga jerin da likitoci ke zaɓa, don sau da yawa can suke ɓoye.

Ana sa 75580 sau ɗaya ne a kan kowane hoton CT, ko jijiya ɗaya aka duba ko uku. Ba ta maye gurbin 75574, kowacce aikinta daban, kuma idan duka biyun sun faɗo rana ɗaya littafin CPT ya yarda a sa su tare. Sannan akwai wani aikin makamancinsa, na auna yawan dattin da ya taru a bangon jijiya da irinsa, wanda shi ma daga hoton CT ɗin ake ciro shi. Nasa lambobin 0623T zuwa 0626T ne, har 75577 ta karɓe su daga Janairu 2026. Sakamakon biyun kan zo a shafi ɗaya na kwamfuta, amma kowanne yana buƙatar umarninsa da dalilinsa da rahotonsa.

Wa ya yi wane ɓangare

Nan ne maganar da kika yi ta asibitin kusa ta zama muhimmiya. Da can lambobi huɗun nan su ke raba aikin. Yanzu da lambar ta zama ɗaya, alamomin ƙari biyu ne ke rabawa, 26 ta karatun likita da TC ta ɓangaren fasaha. Kamfanin manhaja asibiti ko ofis yake caja a kan kowane hoto, su kuma su nemi kuɗinsu daga inshora. Saboda haka tambayar da za ki yi a kan kowane majinyaci ita ce: wa ya tura hoton, wa kamfanin manhaja zai kawo wa takardar biya?

Idan a ofishinku aka ɗauki hoton, ku kuka tura, ku za ku biya kamfanin, likitanku kuma ya karanta, to aikin duka naku ne. Sai ki sa 75580 ba tare da wata alama ba, a fom CMS-1500, lambar wurin aiki 11. Idan kuma a asibiti aka ɗauka, asibitin ya tura ya biya, to rabon likitanku karatu ne kawai. Sai ki sa 75580 da alamar 26, lambar wurin aiki 22, ko 19 idan reshen asibitin ne da ke wajen harabarsa. Asibitin zai nemi nasa a fom UB-04. Akwai kuma yanayi na uku da yake rikita mutane: a ɗauki hoto a asibiti, amma yarjejeniyar manhajar da sunan ofishinku take. Kada ki yi hasashe a nan. Ki je wurin manajan ofis ki nemi ganin yarjejeniyar, ko aƙalla takardar cajin da kamfanin ke aikowa duk wata, ki bi sunayen majinyatan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne kusan duk kuɗin a ɓangaren fasaha yake. Rabon karatun likita 'yan gomomin daloli ne. A 2018, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ta fara biyan asibitoci dala 1,450.50 a kan lissafin manhajar, daga baya ya sauko, a 2024 da 2025 yana wajen dala dubu. Hoton CT ɗin kansa kuwa, wanda ke buƙatar na'ura da ma'aikaci da nas da ruwan haskawa, wajen dala 175 ake biya wa asibiti har zuwa 2025, lokacin da aka ɗaga shi zuwa wajen 357. A ganina an daɗe ana zaluntar hoton, amma wannan wata magana ce. Abin da ya shafe ki shi ne, aikin da ya ninka hoton da aka ciro shi daga ciki tsada, dole kamfanonin inshora su sa masa ido.

Game da ranar aiki, ƙa'idar Medicare a aikin hoto ita ce ɓangaren fasaha ya ɗauki ranar da aka yi shi, karatun likita kuma ranar da ya karanta. FFR-CT yakan faɗo kwana ɗaya ko fiye bayan hoton, don haka kada ki kwafo ranar 75574 ki liƙa masa kawai saboda majinyaci ɗaya ne. Wasu kamfanoni masu zaman kansu suna da nasu tsarin a littafin da suke ba masu aiki da su, nan za ki duba.

CO-50: rahoton bai nuna buƙata ba

CO-50 na nufin mai biya ya ce bai ga larurar lafiya da ta sa aka yi aikin ba. Medicare ba ta da doka ɗaya ta ƙasa baki ɗaya a kan FFR-CT. Kamfanonin da ta ba kwangilar biyan takardu a kowane yanki su ke rubuta sharuɗɗansu, a takardar da ake kira LCD, tare da wata takardar da ke lissafa lambobin cuta da suka yarda da su. A Ohio CGS ne ke riƙe da wannan kwangila, a Kalifoniya Noridian. Ana samun takardun kyauta a rumbun bayanan Medicare a intanet. Ki buga na yankinku, ki duba ranar da ya fara aiki, ki ajiye a tebur. Sharuɗɗan sun yi kama da juna: majinyaci mai alamun ciwon zuciya, hoton CT mai kyau, tsukewa tsakanin 40 da 90. Sukan kuma cire wanda aka yi wa tiyatar kewaye jijiya, da wanda ke da ƙarfen buɗe jijiya a ciki, da wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, da wanda aka dasa wa zuciya. Idan kika ga Z95.1 (tiyatar kewaye jijiya) ko Z95.5 (ƙarfen buɗe jijiya) a tarihin majinyaci, ki tsaya ki karanta sharaɗin da kyau kafin ki tura.

Yanzu ga abin da nake so ki fi lura da shi. Likitocin da ke karanta hoton CT na zuciya suna amfani da ma'aunin CAD-RADS, wanda aka sabunta a 2022. A wannan ma'auni, mataki na 2 tsukewa ce daga kashi 25 zuwa 49, mataki na 3 daga 50 zuwa 69, mataki na 4A daga 70 zuwa 99, mataki na 5 kuma jijiya ta toshe gaba ɗaya. Ki ɗora wannan a kan 40 zuwa 90 ɗin inshora, za ki ga ba su dace da juna ba. Mataki na 3 ne kaɗai ke zaune lafiya a tsakiya. Idan likita ya rubuta "CAD-RADS 2" ya yi shiru, mai duba takarda a kamfanin inshora ba zai san ko kashi 30 ne ko 45 ba, kuma ba zai zaɓa muku mai daɗin ba. Haka idan ya rubuta "4A", tana iya zama 75, tana iya zama 95. A wurin likita rahoton cikakke ne, don abokin aikinsa ya gane. A wurin mai biya kuwa ba a nuna dalili ba.

Na taɓa zama da wani likita mai saurin aiki wanda takardunsa ke yawan dawowa. Na ajiye masa rahotonsa a gefe guda, sharaɗin inshora a ɗaya gefen, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin "matsakaiciyar tsukewa a LAD", wato ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin zuciya, na kuma ja a ƙarƙashin "40 zuwa 90, a farkon jijiya ko tsakiya". Ya duba, ya ce ai abin da yake nufi ke nan. Na ce to likita, nufin bai fito a takarda ba. Daga nan ya sa aka ƙara gurabe uku a fom ɗin rahotonsa: sunan jijiya, ɓangaren jijiyar, da kiyasin kashi. Abin bai ɗaukar masa minti ɗaya. Rahoton CT mai tsayawa da ƙafarsa yakan ce wani abu kamar haka: tsukewa kashi 50 zuwa 69 a tsakiyar LAD, ba a san tasirinta ga gudun jini ba, ana ba da shawarar FFR-CT don a yanke ko majinyaci na buƙatar bututu.

Shi ma FFR-CT ɗin yana buƙatar nasa rubutun. Hoto mai launi da kamfani ya aiko ba rahoto ba ne. Dole likita ya rubuta abin da ya gani, ƙimar kowace jijiya da wurin da aka karanta ta, wanda yawanci santimita 1 zuwa 2 ne bayan tsukewar, ya faɗi ma'anarta, ya sa hannu da kwanan wata. Ko takarda daban ce, ko ƙari ne a ƙasan rahoton CT, muddin ana iya ganinsa a matsayin aiki mai zaman kansa. Idan babu wannan, bayanin lambar 75580 bai cika ba, kuma ba a halatta ki tura ta ba. Haka nan idan kamfanin ya mayar da hoton ya ce bai yi kyau ba, saboda majinyaci ya motsa ko zuciyarsa na bugawa da sauri, to ba a yi aikin ba, babu abin nema. Sannan Medicare na so a ga umarnin likitan da ke kula da majinyacin. Umarnin hoton CT kaɗai bai rufe FFR-CT ba, sai in an rubuta tun farko cewa a yi shi idan hoton ya nuna buƙata.

Sai lambar cuta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo R07.9, ciwon ƙirji, daga takardar hoton CT a ɗora wa FFR-CT. Ciwon ƙirji shi ya sa aka ɗauki hoto, amma abin da hoton ya nuna shi ya sa aka yi lissafin. A wasu yankunan Medicare lambar da suka lissafa ita ce R93.1, wato an ga abin da ba daidai ba a hoton zuciya da jijiyoyinta. Wasu masu biya suna karɓar I25.10, cutar jijiyoyin zuciya ba tare da angina ba, wato ciwon ƙirjin da ƙarancin jini a tsokar zuciya ke jawowa, ko dangin I25.11 idan likita ya rubuta akwai angina. Ki duba jerin mai biyan, sannan ki duba ko rahoton ya goyi bayan lambar. Ƙa'idar littafin lambobin cuta, ICD-10-CM, ga majinyacin da ba a kwantar ba ta hana a sa wa cutar da likita ya ce "ana zargi" ko "mai yiwuwa" lamba kamar an tabbatar da ita. Kuma lambobin cuta suna sauyawa duk 1 ga Oktoba, ba Janairu ba. I20.8 da mutane suka saba da ita an tsaga ta zuwa I20.81 da I20.89 a Oktoba 2023, amma har yanzu tana yawo a tsofaffin fom.

Ƙanwata, a nan zan yi miki magana a matsayin yayarki. Wata rana za a matsa miki, a ce ki sa lambar da za ta wuce kawai. Kada ki yarda. Ke ba ki da ikon mayar da kashi 35 ya koma 45, ba ki da ikon ƙara angina inda likita bai rubuta ba. Abin da kike da iko a kai shi ne ki aika wa likita tambaya a rubuce, wadda ba ta nuna masa amsar da kike so ba, misali "Rahoto ya ce CAD-RADS 2 a LAD, ko za a iya bayyana kiyasin kashi da ɓangaren jijiyar?" Idan ya ga dama ya yi ƙari mai kwanan watan ranar da ya rubuta da sa hannunsa. Idan amsar ta fito ƙasa da 40, to ba a cika sharaɗi ba, ofis ya ɗauki asarar. Dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya a Amurka tun 1863 take, tararta mai nauyi ce, kuma sunanki yana cikin na'ura a matsayin wadda ta tura. Ban da doka ma, lambar cutar da kika sa tana shiga tarihin lafiyar mutum ta bi shi shekaru.

CO-197: ba a nemi izini ba

Wannan ba na asalin Medicare ba ne, na kamfanoni masu zaman kansu ne da tsare-tsaren Medicare Advantage, wato Medicare da kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa. Da yawansu suna so a nemi izini kafin aiki, wasu kai tsaye, wasu ta hannun kamfanoni irin su eviCore ko Carelon. Matsalar ta tsarin aikin ce. Ma'aikaciyar da ke neman izini ta nema wa 75574 tun kafin majinyaci ya zo, ta samu, ta rufe fayil. Ba wanda ya san za a buƙaci FFR-CT sai likita ya ga hoton. Da ya gani sai ya danna maɓallin turawa nan take, sakamako ya dawo cikin sa'o'i, ita kuwa ba ta ma ji labari ba. Izinin da ke hannu na lamba ɗaya ne, takarda ta tafi da lamba biyu.

Maganinsa ba a teburinki yake ba, amma ke za ki kawo shawarar. Ki yi jeri na manyan kamfanonin da majinyatanku ke amfani da su, ki kira kowanne ko ki duba shafinsa, ki rubuta abu uku: ko yana neman izini a kan 75580, ko yana yarda a nemi lambobin biyu tare tun farko, da ko yana karɓar nema bayan an yi aiki kuma cikin kwana nawa. Amsoshin sun bambanta, kuma suna sauyawa, don haka ki rubuta ranar da kika tambaya da lambar shaidar kiran. Ga kamfanonin da ke neman izini kuma ba sa bayarwa tare, ku yarda da likitoci cewa hoton zai jira a layi har izini ya fito, sai dai idan likita ya ce jinkiri zai cutar da majinyaci, a nan hukuncinsa ke gaba. Alamar CO da ke gaban lambar na nufin ofis ne zai ɗauki nauyin, ba a juya wa majinyaci.

Tun da na ambaci majinyaci, akwai abin da ke damuna a wannan gwajin wanda ba a cika magana a kansa ba. Mutum ya zo ranar Talata an ɗauke shi hoto ya koma gida. Bayan makonni sai ga takardar biya ta biyu, a kan aikin da aka yi ranar Laraba alhali yana ɗakinsa. A asalin Medicare kashi 20 cikin ɗari na kuɗin a kansa yake idan ba shi da inshorar cike giɓi, kuma kashi 20 na irin wannan kuɗi ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho mai rayuwa da fansho. Na ɗauki wayar wata dattijuwa da ta kira muryarta na rawa, tana tsammani wani ne ya saci lambarta ya yi gwaji da sunanta. Ki nemi a riƙa faɗa wa majinyaci tun ranar hoto, da baki da kuma a takarda, cewa likita na iya tura hoton don ƙarin lissafi kuma yana da kuɗinsa daban. Haka idan ana ganin Medicare ba za ta biya ba, takardar gargaɗi ta ABN sai an ba shi ya sa hannu kafin a yi aikin, sannan a sa alamar GA. Wadda aka sa wa hannu bayan an gama ba ta da amfani, kuma ABN ba ta aiki a Medicare Advantage.

Takardun da ke gabanki yanzu

Ki raba su gida uku. Waɗanda aka watso saboda lamba ko alama ba daidai ba, gyara suke buƙata, ba ɗaukaka ƙara ba. Idan Medicare ta ce takarda ba ta sarrafuwa, sabuwa ake turawa, kuma kina da wata 12 daga ranar aiki. A kamfanoni masu zaman kansu yawanci takardar maye gurbi ake turawa da lambar 7, tare da lambar tsohuwar takardar, kuma wa'adinsu ya fi gajarta. Kada ki sake tura irin wadda aka ƙi ba canji, za ta dawo da CO-18, wato maimaici. Masu CO-50 kuwa ɗaukaka ƙara ake yi. A asalin Medicare matakin farko kwana 120 ne daga samun sanarwar ƙin biya, mataki na biyu kwana 180 bayan hukuncin farko. Ki fara da mafi tsufa. Ki haɗa umarnin likita, da bayanin ganin majinyaci mai nuna alamunsa, da rahoton CT, da rahoton FFR-CT, da gajeriyar wasiƙa mai nuna layin da ya cika kowane sharaɗi. Wasiƙa mai shafi ɗaya da ke cewa "dubi shafi na 2, sakin layi na 3" ta fi dogon bayani a kan amfanin gwajin, don mai dubawar ba gardamar kimiyya yake yi ba, gurbi yake cikewa. Masu CO-197 kuma ki tambaya ko ƙofar neman izini bayan aiki tana buɗe.

Ni mai sa lamba ce, ba likita ba ce, ba kuma lauya ba, kuma ban ga takardunki da idona ba. Wanda ya cancanci gwajin hukuncin likita ne. Inda abin da na faɗa ya saɓa wa littafin CPT na shekarar aikin, ko takardar LCD ta yankinku, ko yarjejeniyar ofishinku da wani kamfani, su za ki bi.

Saura waɗanda kika ce an biya. Su ma ki buɗe su. Tun da kin ce kin sa 75580 yadda likita ya faɗa, ina jin tsoron akwai majinyatan asibitin can da aka tura ba tare da alamar 26 ba, ko da lambar wurin aiki 11, aka biya ku kuɗin aikin gaba ɗaya alhali karatu kawai likitanku ya yi. Idan kika samu haka, kuɗin ba naku ba ne. Dokar Medicare ta ba da kwana 60 daga ranar da aka gano an biya fiye da ƙima a kai rahoto a mayar. Ki rubuta sunayen takardun, da abin da aka biya, da abin da ya kamata a biya, ki kai wa manajanku ko jami'in bin ƙa'ida na ofishin a rubuce, ki ajiye kwafi a wurinki. Allah ya ba da sa'a, ya sa wa aikin albarka.